Gwaggo Mai Feshi

Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Gwaggona, yayar mahaifina, ta riga mu ranar wata Alhamis da hantsi, a ɗakinta da ke Bungudu. Kafin la'asar mun kai ta makwancinta mun dawo. Makon jiya aka yi sadakar arba'in, amma har yanzu in na tuna abin da kunnena ya kwasa a zaman makokin nan, sai in ji kamar in tofar da yawu.

Wanda ya fara isowa daga nesa shi ne wakilin maigarin wani ƙauye da ke bayan Tsafe. Ya sauka daga doki, ya gyara rawani, ya zaɓi tsakiyar tabarma inda kowa zai gan shi. Da aka shafa fatiha sai ya ɗaga murya ya ce, "Wagga tsohuwa uwa ta ga talakkawa baki ɗai. Mu munka yi rashi, ba ku ba." Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa na sunkuyar da nawa, don da idona na ga mutumin nan ya sa ƙafa ya shure bokitinta a ƙofar garinsu, ya kira ta annoba.

Kashegari babbar mota ta sauke mai riƙon ma'ajiyar magani na wurin aikinmu a Gusau. Ya zo da ƙunshin goro a ganye, yana share ido da hannun riga, yana cewa bai taɓa ganin mace mai gaskiya irinta ba. Nan kam bai yi ƙarya ba. Ya fi kowa sanin gaskiyarta, tunda a kan teburinsa ta zazzage ta.

Cikin gida ma, in ji matata, ba a baro komai ba. Maƙwabtan da suke toshe hanci da bakin mayafi in Gwaggo ta wuce, waɗanda suka laƙa mata suna Mai Wari, su ne suka fi kowa ƙarfin kuka. Suna kukan, suna leƙen kwanukanta da ke jere. Wata ma ta ja matata gefe, hawaye bai ko bushe mata ba, ta tambaye ta ko marigayiyar ta bar sauran farin garin maganin ƙwarin da take fesawa a ɗaki, wai kuɗin cizo sun hana ta sakat.

Mahaifina duk kwana ukun nan casbi kawai yake ja. Sai da aka watse, muna naɗe tabarmi, ya dubi ɓawon goro da majinar da aka bari a ƙasa, ya ce, "Da tana nan, da ta ce tir."

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Idan na bar masu yabon nan su kaɗai da labarinta, nan da shekara za su mai da ita wata tsohuwa mai sanyin hali, mai fara'a da kowa. Gwaggo ba haka take ba. Ban taɓa ganin mutum mai ƙyama kamarta ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya sa hannunsa cikin abin ƙyama kamar yadda ta sa nata ba.

Ni duba-gari ne. A shekarun nan da aka soma maganar zaɓe da tafiyar Turawa, aka ɗora mana aikin feshi a ƙauyukan da ke tsakanin Bungudu da Gusau da Tsafe. Dalili kuwa gyambo ne. Ba irin wanda ƙaya ko sara ke kawowa ba. Wannan yakan fara kamar ɗan ƙurji a kunci, ko hannu, ko ƙwauri, ba ya ko zafi. Sannu a hankali sai ya buɗe, ya yi leɓe kamar bakin tukunya, ya yi ta tsatsafo da ruwa wata da watanni. In ya ga dama ya warke, ya bar tabo kamar ƙuna. Likita ya nuna mana mai kawo shi a cikin wata 'yar kwalba: wani ɗan ƙwaro mai fiffike, launin ƙasa, ko rabin sauro bai kai ba. Da rana yana laɓe a tsagar bango, da ramin ɓera, da gindin suri, da juji. Rana na faɗuwa sai ya fito, yana tsalle-tsalle a jikin bango, ya ciji mutum ya zuba masa cuta. Mu a wurin aiki ƙudan yashi muke ce masa. Gwaggo kuwa ba ta taɓa kiransa da komai ba sai munafukin ƙwaro.

"Sauro ɗan halas na," in ji ta, "shina hwaɗa maka shina tahe. Wanga ko sallama bai iya ba."

Maganin wani farin gari ne da ke zuwa a cikin durom. Mukan dama shi da ruwa a bokiti, mu ɗura a famfon feshi, wani tulun ƙarfe da ake rataya wa a baya, mu bi bango daga sama har ƙasa. Duk ƙwaron da ya sauka a bangon ya gama yawo. Aiki ne mai sauƙi, in har an kai ga bangon. To nan fa gizo ke saƙa. Mu duka maza ne. Mukan fesa zaure, mu fesa turken dabbobi da bayan katanga, daga nan sai a ce mana a tsaya nan, cikin gida na mata ne. Ƙwaron kuwa yana can ciki, a ɗakunan da mata da yara ke kwana.

Wata ranar Juma'a na zo gida ina ba mahaifina wannan labari a zaure, Gwaggo ta shigo da tallan daddawarta, don sana'arta ke nan tun da mijinta ya rasu a Kwatarkwashi ta dawo gidanmu. Ba ta da ɗa ko ɗaya a raye, ta binne huɗu. Ta sauke faranti, ta tsaya tana saurare, sannan ta ce, "Ba ni abin."

"Wane abu, Gwaggo?"

"Tulun naku. Ni wa ka hana ni shiga gida?"

Mahaifina ya ce, "Haba Yaya, ki ji tsoron Allah. Tsohuwa da ke ki bi ƙauyukka da ƙarhe ga baya? Mi mutane ka cewa?"

Ta ɗora yatsa a kan kuncinta na hagu, inda take da wani tabo mai faɗin bakin ludayi, wanda na taso ina gani ban taɓa tambayar asalinsa ba. Ta ce, "Kana ƙarami sadda wanga yaf fito min, ba ka sani ba. Da ƙarhe mai wuta anka ƙona shi, anka liƙe da kashin shanu. Wata bakwai ina cin tuwo ni ɗai bayan ɗaki, don in na zauna cikin mutane sai su aje loma. Mi mutane ka cewa? Na riga na ji iyakar abin da su ka cewa."

Ranar Litinin ta bi mu. Igiyar famfon ta ƙi zama mata a kafaɗa, sai ta kwance ta, ta goya tulun da majanyi kamar jariri. Haka ta yi ta yawo da shi shekara biyar.

Duk wanda ya yi tafiya da ita ya san halinta. Ba ta cin abincin gidan da ba ta ga madafinsa ba. In an kawo mata fura sai ta ɗaga ludayin ta duba gindinsa. Kullum tana da ƙullin toka da sabulun salo a haɓar zani, in ta fito daga gida sai ta wanke hannu har gwiwa. Ba ta iya ɓoye fuska. In ta shiga wuri ta tarar da ƙazanta, tun daga zaure za ka jiyo "tir!" ɗinta, sai kuma ƙarar tsintsiya, don ba ta fesa ɗaki sai an fitar da komai an share. Mata da yawa sun tsane ta saboda haka. Takan sa su ja gado, su ɗage tukwane, a ga abin da ke ƙarƙashi: kashin ɓera, tsumman da ya ruɓe, ɓawon gyaɗar bara. Tana fitowa sai ta tofar da yawu ta ce mini, "Malamin takarda, rubuta. Gidan ga ko kura ta shiga sai ta yi amai." Ni ma haka take kirana, Malamin takarda, ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Takan ce, "Talauci ba laihi ba na, amma tsintsiya ba saye a kai ba, ga daji take." Takan kuma ce, "Wanda yab bar rami ga ɗakinai, ya ba maƙiyi masauki."

A garin Tsafe na ga abin da ba zan manta ba. Gidan wani attajiri ne mai cinikin hatsi, zaure uku, ƙofar katako mai ƙusoshi. Ya karɓe mu da kyau, ya sa aka shimfiɗa mana buzu tare da baƙinsa, aka kawo fura da nono. Gwaggo ta shiga ciki. Ta daɗe fiye da yadda ta saba. Da ta fito babu famfo a bayanta, idanunta sun yi ja. Ba ta durƙusa ba, ba ta gaida baƙin ba. Ta tsaya a kan maigidan ta ce, "Alhaji, wace ta can ɗakin baya, kusa da turken awaki?"

Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Tsohuwata ta. Ba ta jin daɗi kwana biyu."

"Wadda tah haihe ka?"

"Ita."

"To tashi mu tahi ka gaishe ta."

Ya ce ai ya gaishe ta da safe. Ta ce, "Ƙarya ka kai. Saƙar gizo na ga ƙohwar ɗakin, daidai tsawon kanka. Ta ƙasa a ka tura mata akushi kamar kare." Ɗaya daga cikin baƙin ya ajiye ludayi. Ta juyo wurina ta ce, "Kai, taso. Alhaji ya yi maka izini." Bai yi mini izini ba, amma bai iya buɗe baki ya hana ba.

Tun kafin mu kai ɗakin warin ya tare ni. Tsohuwar tana kwance a kan wata tabarma da ta riga ta narke. Gyambo uku ne a jikinta, biyu a ƙwauri, ɗaya a bayan hannu, an liƙe su da kashin shanu da ganye, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Da Gwaggo ta ɗaga ganyen ƙwaurin sai na ga abu yana motsi a ciki. Na juya zan fita. Ta ce, "In ka hita kada ka ƙara ce min Gwaggo. Riƙe ƙwarya."

Na riƙe ƙwaryar ruwan ɗumi da gishiri. Ta tsuguna ta yi ta wankewa da tsumma, tana tsince tsutsotsin da tsinke ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa tsohuwar hira kamar a bakin rijiya suka haɗu. "Sannu Inna. Ke 'yar ina ta? Af, ashe ke 'yar dutsi ta. Sannu, saura kaɗan." Ana cikin haka ta miƙe, ta zaga bayan danga. Na ji tana kelaya amai kamar hanjinta zai fito. Ta kurkure baki, ta dawo ta tsuguna, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ranar na gane cewa ba wai ba ta jin ƙyama ba ne. Ta fi ni ji.

Ta sa aka ƙone tabarmar, aka toshe ramukan ɓera, ta fesa ɗakin har rufinsa. Ta sa Alhaji ya fito da jaki, shi da kansa ya ɗauko uwarsa ya ɗora, yana kau da fuska, muka kai ta ɗakin shan magani. Tsohuwar ta rayu shekara biyu bayan haka, a ɗakin da ke kusa da na ɗanta. Shi kuwa bai ƙara amsa gaisuwarmu ba, kuma bai zo ta'aziyyar Gwaggo ba. A cikin duk waɗanda Gwaggo ta kunyata, shi kaɗai nake ganin ƙimarsa yanzu, don bai zo ya yi mana ƙarya ba.

Saura rigimata da ita. Na so in tsallake wannan, amma in na tsallake na zama ɗaya da masu zaman makokin.

Shekarar farko magani ya yi aiki. Ko da yake an yi ta ƙorafi, don kyanwoyi sun mutu, kaji ma da suka ci matattun ƙwari sun bi su, amma sabon gyambo ya ragu, mata da kansu suka riƙa faɗa. A shekara ta uku sai na lura da wani abu a Gusau. Na ga buhunan farar ƙasa a bayan ma'ajiyar magani, irin wadda ake shafe ɗaki da ita. Na kuma ga farin garinmu a kasuwa, an ƙuƙƙulla a takarda, ana sayar wa masu fama da kuɗin cizo. Ba sai an yi mini bayani ba. Amma mai riƙon ma'ajiyar ya girme ni a aiki, abokin surukina ne, kuma shi ya yi mini hanya aka ɗauke ni. Na ce a raina wataƙila kaɗan yake gaurayawa. Na ja bakina na yi shiru, na ci gaba da karɓar durom ina kai wa Gwaggo tana damawa.

Bayan damina muka koma ƙauyen nan na bayan Tsafe. Tun daga nesa muka ga mutane a ƙofar gari. Wakilin maigari ya sa an fito da yara an jera su, kusan kowanne da gyambo, wani a goshi, wani a leɓe, wata 'yar yarinya a fatar ido. Ya ce, "Kun kashe muna kaji, kun sa matanmu sun kwashe ɗaki kamar masu gudun yaƙi, ga abin da munka samu." Gwaggo ta sauke bokiti za ta duba yarinyar. Nan ne ya shure shi, ruwan ya fallatsa mata har fuska. Ya ce, "Tahi da annobarki, annoba!" Wannan mutumin kuwa gidansa sau biyu ake fesawa kowace shekara, don shi yakan roƙa.

Ta shafo ruwan da ke fuskarta, ta murza a yatsu, ta shinshina, ta ɗora a harshe. Sannan ta dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa.

A hanya ta ce, "Bara in na hesa ɗaki, wanshekare da tsintsiya a ka kwashe kyankyasai. Bana ba wadda tac ce min ta kwashe ko ɗaya. Na ɗauka tsabta ta kama su."

Da muka koma Bungudu ta kamo kyankyasai a bayan gida, ta zuba su a ƙwarya, ta bulbule su da garin, ta rufe da faifai. Ta ba su kwana uku. Ranar na huɗu ta ɗora ƙwaryar a ka, ta kama hanyar Gusau da ƙafa tun da sassafe. Ina cikin ofis ta shigo, ƙafafunta fari fat. Likita Bature yana nan, malaman ofis suna nan, mai riƙon ma'ajiya yana zaune a teburinsa. Ya washe baki ya ce, "A'a, Inna ce da kanta? Mi anka kawo muna?"

Ta ce, "Shaidu."

Ta kife ƙwaryar a kan teburin. Kyankyasan suka watse, farare tas kamar an tsoma su a gari, lafiyarsu lau, suna bin takardu, ɗaya ya haye masa hannun riga. Ya zabura har kujera ta faɗi. Ta ce, "Kwana ukku suna ci suna sha cikin maganinka. Ƙiba ma sunka yi." Ta juya ga malamin da ke yi wa likita tafinta ta ce, "Hwaɗa ma Nasara." Baturen ya ɗaga hannu, bai buƙaci tafinta ba.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Aka yi 'yan tambayoyi, aka ɗauke mutumin aka kai shi wata ma'ajiyar. Bayan shekara guda, da aka sauya likita, sai ga shi ya dawo kan teburinsa, ya ƙara tumbi. Ni kuwa ba wanda ya tambaye ni komai. Ba a san na sani ba.

Gwaggo ta sani. Tun a ranar, a tsakar ofis, gaban masinjoji da masu jiran magani, ta tsayar da ni ta ce, "Shi ɓarawo na, sana'atai ya kai. Kai hwa? Da hannuna kas sa na shahe ɗakunan mutane da ƙasa, ina yi musu hwaɗa, ina ce musu ƙazamai. Yarinyar nan mai ciwo ga ido, uwatta ta kwashe ɗakinta sau biyu don na ce ban gamsu ba." Ta tofar da yawu daidai gaban takalmina. "Na wanke tsutsa da hannuna, ban ji abin da ni ka ji ba yanzu da ni ka kallonka."

Daga kakar nan har faɗuwar ruwa ba ta yi mini magana ba. Muna fita aiki tare, amma in tana son wani abu sai ta faɗa wa wani ya faɗa mini. In na durƙusa gaishe ta sai ta juya fuska ga bango. Da Sallah na aika mata turmin zane, ta maido shi ko kwancewa ba ta yi ba. Mahaifina ya sa baki, ta ce masa, "Kai ka haihe shi, kai ka iya haɗiye shi. Ni maƙogwarona ƙarami na."

Ranar da aka kawo sabon magani na gaskiya, ta aiko matata ta ce in shirya. Muka koma ƙauyen. Ba ta bari an dama ko bokiti ɗaya ba sai da ta zagaya da ni gida gida. A kowace ƙofa sai ta yi sallama da maigida, in ya fito ta ja da baya ta ce, "Ga shi, shina da magana." Ni kuma in ce, "Abin da anka hesa muku bara ƙasa ta, ba magani ba. Na sani, na yi shiru. Tsohuwar ga ba ta sani ba." Tun hantsi nake maimaita wannan har bayan azahar. Wasu suka ce Allah ya kyauta. Wasu suka zage ni. Uban yarinyar nan ya fito da ita, idon ya warke amma fatar ta tattare, ba ya rufuwa duka. Ya riƙe ta a gabana har sai da na kasa kallo, sannan ya ce wa Gwaggo, "Shiga, Inna." Wakilin maigari kuwa ranar ciwon kai ya kama shi, bai fito ba.

A hanyar dawowa muka zauna a gindin wata tsamiya. Ta kwance gorarta, ta sha, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ta ce, "Sha, Malamin takarda. Har yanzu kana wari, amma ka hi jiya."

Iyakar sulhun ke nan. Ba ta ƙara tada maganar ba.

A shekararta ta ƙarshe hannuwanta suka soma rawa. Ita da hannu take dama magani, ta ce sanda ba ta jin gudaji. Fatar hannun ta yi ta saɓulewa, tari ya kama ta. Ni ba likita ba ne, ban san ko maganin ne ya ci ta ko tsufa ne ba, kuma ba wanda na tambaya ya ba ni amsar da ta kama hankali. Abin da na sani shi ne ba wanda ya taɓa ba ta ko safar hannu, ni ma ban taɓa nema mata ba. Da ta kwanta, matata ce ke jinyarta, kuma ko a nan ba ta bar hali ba. Kwana biyu kafin ta cika ta kira ni, na matsa kusa ina zaton wasiyya ce. Ta nuna mini wata tsaga a bango, sama da ƙofa, ta ce, "Kana duba-gari, wagga na kallonka kana kallonta."

Na kwaɓa ƙasa na liƙe, tana kallo. Ta ce, "Ta hagu ba ta cika ba." Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan.

Bayan sadakar bakwai na koma Gusau, na roƙi a ɗauki wata mace a madadinta. Babban malamin ofis ya buɗe jerin ma'aikata, ya bi da yatsa daga sama har ƙasa, ya ce, "Madadin wa? Ai ba mu taɓa samun mace a wannan aiki ba." Shekara biyar, ashe sunanta bai taɓa hawa takarda ba. Na fito na tsaya a rana, na rasa wanda zan tofa wa yawu.

Shekaranjiya muka fita wani ƙauye a gindin duwatsun Kwatarkwashi, mu maza zalla. Muka fesa zauren gidan farko, muka fesa turke, maigida ya ce a tsaya nan. Muka soma haɗa kaya. Sai na ji motsi a bayan zanan da ya raba zaure da cikin gida, wata murya ta mace, wadda ban sani ba, ta ce, "Malam, da gaske tsohuwar ta rasu?"

Na ce da gaske.

Can sai hannu ya ɓullo ta gefen zanan, hannun mace mai aiki, da kaushi da sauran ƙullu a yatsu.

"Miƙo tulun," in ji ta. "Mun riga mun kwashe ɗakunan tun da sahe. Na ga yadda ta kai, daga sama a ka hwarawa."

Na dubi maigida, ya kau da kai. Na miƙa mata.

Ya Allah, baiwarka ta zo maka da hannuwan da suka saɓule. Ka wanke ta fiye da yadda ta wanke bayinka, ka yalwata mata kabarinta, ka sa ta inda babu abin da za ta ce wa tir. Mu kuma da muka rage, ka ba mu kunya tun muna da rai. Amin.